INA RUWAN TALAKA DA TEKU?

Daga Magatakardan Reshen Kurmin Mashi, Kaduna

Ranar Lahadin da ta wuce mun yi taron reshenmu bayan la'asar, na karanta wa jama'a labarin taurarin ɗan Adam da ƙasashe su ke harbawa sama domin su riƙa duban teku da bakin gaɓa, da kuma alkawarin da gwamnatinmu ta yi na samo waɗansu sababbi. Ban kai ƙarshe ba sai wata baiwar Allah mai sayar da kifin ƙanƙara ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce, "Malam Magatakarda, ni tun da aka haife ni ban taɓa ganin teku ba. Kwalin kifin da na ke sarowa kullum ƙara kuɗi ya ke yi, lambatun ƙofar gidana kuwa shekara uku ke nan a toshe. Ina ruwan talaka da teku, balle wani ƙarfe da ke yawo a sama? A sauko da kuɗin ƙasa mu gani." Jama'a suka yi ta tafi. Na ce mata, "Hajiya, ki yi mini haƙuri, amsarki ta fi ƙarfin tsayuwa ɗaya. Zan ba ki ita a jarida domin sauran 'yan'uwa su ji." To, ga ta.

Hajiya tana da gaskiya da ta yi fushi, ni ma fushin na ke yi. Amma 'yan'uwana, ku lura, babu maganar da masu mulki su ke jin daɗin ji daga bakinmu kamar "ina ruwan talaka". Da ita aka mallake iyayenmu a zamanin En'e, sa'ad da a ke karɓar haraji da jangali, in mutum ya tambayi inda kuɗin ya tafi a ce ya yi rashin kunya. Mutanen da suka kafa NEPU a Kano a watan Agusta 1950, da Malam Aminu Kano da ya shugabance ta, sun sha ɗauri da wulakanci ne domin talaka ya sami bakin tambaya. In yau da bakinmu muka ce babu ruwanmu, mun mayar musu da abin da aka ƙwato mana da wahala. Kuɗin dai za a kashe su, ko mun kula ko ba mu kula ba. Abin da ya rage shi ne ko amfanin zai iso kasuwa, ko kuwa zai tsaya a ofis.

Daga ina ruwan sama ya ke?

Kowa ya sani hadari daga gabas ya ke taso mana. Amma laimar da hadarin ya ke ɗauke da ita daga kudu ta fito. Rana ce ta ke gasa tekun Atlantika, tururi ya tashi, iskar bazara ta kwaso shi ta ratsa Ikko da Ibadan da Ilori da Minna har ta iso kanmu, sa'an nan hadari ya haɗu ya zubar. In kaka ta yi, iskar ta ja da baya, hunturu ya sauko daga hamada. Watau ruwan da ya ke sauka a kan kwanon gidanka a Kurmin Mashi, da wanda ya ke shayar da masarar da ka ke awo a Kasuwar Kawo, da yawansa daga teku ya taso, ko da ƙafarka ba ta taɓa taka bakin teku ba.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa a hanya, mutanen arewa da na Nijar suka cika garuruwa suna neman abin sawa a baki. Daga baya masana suka jera lissafin zafin teku na shekaru masu yawa kusa da lissafin ruwan sama, suka ga abu biyun tare su ke tafiya. In tekun da ke kudu ya yi ɗumi fiye da na arewa, damina ba ta hawowa sosai zuwa ƙasar Hausa. Sabo da haka wanda ya san halin da teku ya ke ciki a watan Fabrairu ya sami hasken irin daminar da ke tafe. Mai wannan sani shi zai san ko ya shuka iri mai saurin nuna, ko ya ajiye hatsi, ko ya yashe lambatu da wuri. Ikon saukar da ruwa na Allah ne. Amma Allah ya ba ɗan Adam hankalin lura da alamu, manomi ma yana duban tururuwa da tsuntsaye kafin ya ɗauki fartanya.

Abin da ƙarfen nan ya ke gani

Teku ya fi ƙarfin a auna shi da jirgin ruwa, gama ya rufe fiye da kashi biyu cikin uku na duniya. Shi ya sa aka koma sama. Rasha ce ta fara harba tauraron ɗan Adam, Sputnik, a watan Oktoba 1957. A 1978 Amurka ta harba Seasat, na farko da aka ƙera musamman domin teku, bai kuwa yi wata huɗu ba ya lalace. Ba su ce asara ce su daina ba. A 1992 Amurka da Faransa suka haɗa kai suka harba TOPEX/Poseidon, yana shawagi a nisan kilomita 1,336, yana komowa kan ko wane wuri bayan kwana goma, yana auna tudun ruwan teku. Tun daga nan ba a yanke wannan awo ba, in ɗaya ya tsufa a harba magajinsa.

Abu huɗu irin waɗannan taurari su ke dubawa. Na farko zafin ruwa, wanda na riga na faɗi amfaninsa. Na biyu tudun ruwa, gama ruwa in ya yi ɗumi kumbura ya ke yi, ƙanƙarar duwatsu kuma in ta narke teku ta ke gangarawa. Awon ya nuna daga 1993 zuwa yanzu teku ya hau kimanin santimita 10, watau faɗin tafin hannu. Kada ku raina tafin hannu, ku tambayi mutanen Ayetoro a Jihar Ondo, waɗanda teku ya cinye musu gidaje da makarantu. Na uku launin ruwa, domin inda ruwa ya yi kore nan ƙananan tsiro su ke, nan kuma kifi ya ke taruwa. Na huɗu abin da ke bisa ruwa, jiragen ruwa da man da ya malala. Wannan aikin na'urar rada ne, wadda ta ke aiki irin na jemage, ta aika da siginar rediyo ƙasa ta saurari dawowarta. Dare ba ya hana ta gani, girgije ma ba ya hana ta.

Ga kuma abin da ba a so ku sani. Yawancin wannan ilmi kyauta ne. Tun 2008 Amurka ta buɗe hotunan taurarinta na Landsat ga duk mai so. Ƙasashen Turai kuma tun da suka fara harba nasu na Sentinel a 2014 ba sa karɓar ko kwabo a kan hotunan. Duk ma'aikacin da ya ce muku rashin kuɗi ne ya hana shi sanin abin da ke tafe, ku tambaye shi nawa a ke biya kafin a ɗauki abin da aka bayar kyauta.

Namu taurarin fa?

Ba yau muka fara shiga wannan sha'ani ba. Tun farkon 'yancin kai Amurkawa suka kafa tashar sauraron kumbo a Kano, tashar kuwa ta yi aiki ranar da John Glenn ya kewaya duniya a watan Fabrairu 1962. A watan Agusta 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom, da taimakon wani jirgin ruwa da ke tsaye a tashar Ikko. Mun daɗe muna riƙe wa waɗansu fitila suna aikinsu.

A 1999 aka kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. A watan Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, wani kamfani na Surrey a Ingila ya ƙera shi, aka biya kimanin dala miliyan 13. Tauraron ya yi aiki, babu mai musun wannan. Sa'ad da igiyar tsunami ta afka wa ƙasashen tekun Indiya a watan Disamba 2004 ya ba da hotuna. Sa'ad da guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans a watan Agusta 2005, yana cikin na farko da suka ɗauko hoton gaɓar Amurka. Ba mu ƙi ba, taimakon wanda ke cikin masifa abin kirki ne. Amma ina tambaya, a cikin mu da muka biya kuɗinsa, wa ya taɓa ganin hoton Kogin Kaduna da tauraron nan ya ɗauka an liƙa a ƙofar mai unguwa? Ba'amurke ya ci moriyar idonmu cikin 'yan kwanaki, mu masu shi a jarida muka ji labari.

A watan Agusta 2011 aka harba waɗansu biyu, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X. Na biyun nan injiniyoyinmu 'yan Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu bayan sun koyi aikin a Ingila, muna kuwa alfahari da su. Laifin ba nasu ba ne. Amma ku duba abu biyu. Dukan ukun nan da hasken rana su ke gani, kamar mai ɗaukar hoto, in girgije ya rufe sun makance. To, yaushe mu ke bukatarsu in ba da damina ba, lokacin da girgije ya ke kwana ya wuni a kan gaɓar teku da koguna? Sa'an nan NigeriaSat-2 shekara bakwai aka yanka masa, wa'adinsa ya cika a 2018. Sai a 2025 muka ji sanarwa cewa majalisar zartaswa ta tarayya ta amince da sababbi huɗu, ɗaya daga ciki mai rada. Shekara bakwai ke nan bayan cikar wa'adi. Ɗan kasuwar da ya bari sai shekara bakwai bayan rumfarsa ta fara yoyo kafin ya nemi kafinta, me za ku kira shi?

A tsakanin nan abin da aka yi ta kaɗa wa ganga dabam ne. A watan Yuni 2024 aka tara 'yan jarida aka ce za a aika ɗan Nijeriya na farko sararin sama a kumbon wani kamfanin Amurka, tafiyar da ba ta wuce kamar minti goma ba. Aka ce kujerar kyauta ce. Ko kyauta ce, wannan ya nuna inda hankalin manyanmu ya ke. Abin da za a yi biki a kansa a ɗauki hoto shi ke gaba, aikin da zai ceci gonar talaka shi ke baya.

Kifin Hajiya

Bari in komo kan kwalin kifi. Bisa ga lissafin da gwamnati da kanta ta sha bayarwa, ƙasar nan tana bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da mu ke kamawa da wanda mu ke kiwo kuwa bai wuce kamar tan miliyan 1.2 ba. Shi ya sa titus da kote da shawa su ke zuwa daga ƙasashen waje da dala, su sauka Ikko, a loda su a manyan motoci masu sanyi su yi yini da kwana a hanya kafin su bi ta titin Nnamdi Azikiwe da ke gefen unguwarmu. Duk ranar da dala ta tashi, kwalin Hajiya ya tashi.

Alhali muna da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, dokar duniya kuma ta ba mu ikon kifin da ke cikin mil 200 na ruwa daga gaɓa. Dokarmu ta keɓe mil 5 na farko ga masu kwalekwale, ta hana manyan jirage jan taru a wurin. Amma jiragen ɓarayi su kan kashe na'urar da ke nuna inda su ke, su shigo da dare su share ruwan har da 'ya'yan kifi. Jirgi yana iya kashe na'urarsa, amma ba ya iya ɓoye jikinsa na ƙarfe ga rada. Wanda ya ke so ya kama ɓarawon kifi, yau akwai idon da zai nuna masa shi.

A watan Yuni 2021 aka ƙaddamar da shirin tsaron ruwa mai suna Deep Blue a kan dala miliyan 195, a 2023 kuma aka kafa ma'aikata sukutum domin tattalin arzikin teku. Fashin teku ya ragu, mun yarda, mun kuma yaba. To, jiragen satar kifi nawa aka kama? Na wa ne? Nawa aka ci su tara, tarar kuma ina ta shiga? Mai sayar da kifi a Kasuwar Bacci tana da hakkin jin wannan amsa, gama ita ce ta ke biyan bashin a ko wane kwali.

Haka kuma bandar Baga. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 hotunan sama suka nuna ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, ko da ya ke ya ɗan farfaɗo daga baya. Duniya duka ta ga hotunan nan, an buga su a littattafan makaranta na ƙasashen Turai. Masunta da makiyayan da abin ya shafa su ne na ƙarshe da aka yi wa bayani, in ma an yi.

Ihu bayan hari

A ambaliyar 2012 mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A ta 2022 fiye da mutum 600 suka rasu. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle da dare, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Ran 29 ga Mayu 2025 ruwa ya share wani sashe na Mokwa, fiye da mutum 150 suka halaka. A nan Kaduna kuwa mutanen Kigo Road da Rafin Guza da Kabala da Nasarawa sun san yadda a ke kwana a tsaye a watan Satumba.

Ba zan yaudare ku ba, tauraro ba ya gyara madatsa, ba ya yashe lambatu, ba kuma ko wane ruwan dare ɗaya ya ke iya hangowa ba. Aikinsa gani ne, sauran aikin na mutane ne. A nan ne kuwa a ke cutarmu. Ko wace shekara hukumar yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Ma'aikatan suna yin aikinsu, har an fara fassara hasashen da Hausa, wannan ma mun yaba. Amma a babban zaure a Abuja a ke karanta shi, a gaban manyan baƙi, a ci abinci a watse. Daga zauren nan zuwa rumfar mai awo, wa ke ɗauke da saƙon? Na zagaya taronmu na tambaya, ban sami mutum ɗaya da ya taɓa jin kansila ko shugaban ƙaramar hukuma ya tara mutane ya karanta musu ba. In ruwa ya ci gari kuwa, ga su nan da motoci da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto. Gargaɗi ba ya kawo ƙuri'a, rabon shinkafa yana kawowa, shi ya sa suka fi son ihu bayan hari.

Sabo da haka, Hajiya, lambatunki da tauraron nan magana ɗaya ce. Hukumar da aka gaya wa tun Fabrairu cewa damina za ta yi ƙarfi, ta bar lambatu a toshe har Agusta, ba za ta ce ba ta sani ba. Ilmin nan shi ne shaidarmu a kansu, don haka ba sa so ya sauko kasuwa.

Abin da mu ke nema

Na ɗaya, hasashen damina da na ambaliya a karanta su da Hausa da sauran harsunan jihar nan a gidajen rediyo ko wane mako daga Maris zuwa Oktoba, a kuma kai su masallatai da majami'u da wurin sarkin kasuwa, da sunan ko wace unguwa da ke cikin haɗari.

Na biyu, ko wace ƙaramar hukuma ta liƙa a ƙofar sakatariyarta aikin da ta yi bayan ta karɓi gargaɗi, lambatu nawa aka yashe, a ina, da nawa.

Na uku, sababbin taurarin da aka yi alkawari a faɗa wa jama'a kuɗinsu da wanda aka ba kwangila, a sa mai rada a gaba, a kuma sa injiniyoyinmu cikin aikin tun daga farko. Kyan alkawari cikawa.

Na huɗu, hotunan da taurarinmu suka ɗauka a buɗe su kyauta ga jami'o'inmu da makarantunmu, ɗalibin Zariya ko na Kaduna ya duba kogin garinsu ba tare da ya yi roƙo a Abuja ba.

Na biyar, ko wane wata uku a buga sunayen jiragen da aka kama suna satar kifi ko mai a ruwanmu, da hukuncin da aka yi musu.

Babu ɗaya cikin biyar ɗin nan da ya fi ƙarfin gwamnati, uku daga ciki ma kuɗin takarda da rediyo kaɗai su ke ci. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, mahauta, teloli, direbobi da masu awo, ku yanke wannan shafi ku ajiye. Duk wanda ya zo rumfarku neman ƙuri'a, na jam'iyyar gwamnati ne ko namu ne, ku tambaye shi me tauraro ya gani bana, me kuma ya yi da abin da aka gani. In ya yi dariya ya ce ina ruwan talaka da teku, kun san ko wane ne shi. Hausawa sun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Da kuɗinmu aka yi jifan nan, a kasuwarmu mu ke so ya faɗo.

Taron reshe na gaba yana nan ranar Lahadi bayan la'asar. Zan zo da hasashen damina na bana in karanta shi da Hausa, tun da waɗanda a ke biya albashi domin su karanta ba su zo ba. Hajiya, ki zo da sauran matan kasuwa. Allah ya ba talaka sa'a.